Yabo Ba Gyara: Sharhi a kan Kayan Aikin Hannu na Gida da na Tsaraba

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya saba halartar bukukuwan nunin al'adu a jihohinmu ya san yadda akan tsara rumfar sana'o'in gargajiya. Akan rataya faya-fayai a jikin zana, a kife ƙore a kan tabarma, a jera tum-tum da jakunkunan fata a gaba. Manyan baƙi su zagayo, su yaba, a ɗauki hoto, a wuce. Daga ƙarshe a zaɓi kaɗan a miƙa wa babban baƙo a matsayin kyauta. Da wuya a ji wani ya ɗauki faifai ya juya bayansa, ya ce wannan saƙa ba ta yi ba.

Manufar wannan maƙala ita ce yin abin da ba a cika yi ba a irin waɗancan wurare, wato auna waɗannan kayayyaki a ga mai kyau da marar kyau. Ra'ayina shi ne, mafi yawan kayan aikin hannu da ake yi a yau domin ado da tsaraba ba su kai na jiya inganci ba, kuma yabon da muke yi musu ido rufe yana cikin abubuwan da suka jawo haka. Zan taƙaita a kan abubuwa uku, faifai da ƙwarya da tum-tum, sa'an nan in duba yadda sauyin mai saye ya taɓa aikin mai yi.

2.0 Ma'aunin da Magabata Suka Bari

Ƙasar Hausa ta daɗe da yin suna a kan aikin hannu. Kasuwar Kurmi ta Kano tana ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499). Lokacin da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya yi bayanin yadda tufafin da aka saƙa aka rina a nan suke kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. Kayan da zai yi irin wannan tafiya a bayan raƙumi ko jaki, ya kuma sami mai saye a can, dole ne ya zama mai ƙarko. Bugu da ƙari, manyan sana'o'in maza suna da shugabanni, kamar Sarkin Maƙera da Sarkin Magina, waɗanda akan kai wa ƙarar mai ha'inci.

To amma ba duk aikin hannu ne yake zuwa kasuwa ba. Da yawansa a gida ake yi, domin gida. Maigida yakan tufka igiya, ya saƙa zanar da zai yi danga ko darni, ya gyara jinka kafin damina. Mata sukan taru su yi wa amarya daɓen ɗaki, su yayyafa makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, domin ƙasa ta yi ƙarfi da sheƙi. Uwa takan soma saƙa faya-fayan 'yarta tun yarinyar ba ta isa aure ba. Waɗannan ayyuka ba su da sarki, amma suna da alƙalai masu tsanani: matan da za su zo ganin jere, da ita kanta amaryar da za ta yi shekaru tana aiki da kayan.

Daga nan ne nake ɗauko ma'aunina, kuma tambayoyi uku ne. Na farko, da me aka yi abin, kuma an shirya shi yadda ya kamata? Na biyu, zai yi aikin da aka yi shi dominsa? Na uku, adonsa a cikin jikinsa yake, ko ɗora masa aka yi daga baya? Bahaushe ya ce in kana da kyau ka ƙara da wanka. Kyau ne farko, wanka ƙari ne.

3.0 Faifai

Ana yin faifai da kaba, wato ganyen goruba, wadda akan tsaga siri-siri a riƙa naɗe ta a kan dunƙulen ciyawa ko tsinkayen kabar, ana ɗinke kowane zagaye da wanda ya gabace shi. Daga cibiya ake farawa, a yi ta kewayawa har baki. Aikinsa a gida yana da yawa: rufe ƙwarya, bakace, tankaɗe, shanya, fifita wuta, da ɗora kayan talla.

Waɗannan ayyuka su ne suka tsara siffarsa. Faifan tankaɗe dole saƙarsa ta matse, in ba haka ba gari zai zube ta ƙasa. Na rufi dole ya kwanta daidai, in ya kanannaɗe ƙuda zai shiga. Bakinsa dole a ɗaure shi da kyau, domin daga nan yake soma warwarewa. Shi kuwa ado, kafin a fara saƙa ake shirya shi. Akan rina kabar tukuna, ja da karan dafi, baƙi ko shuɗi da abin da ya sawwaƙa, sa'an nan mai saƙa ta riƙa sauya launi tana ƙirga ɗinki da ka. Saboda haka zanen yakan fito gaba da baya. Wanda ya taɓa riƙe tsohon faifan jere ya san nauyinsa da taurinsa, ya kuma ga yadda zanen yake haɗuwa a ƙarshen kowane zagaye ba tare da karkata ba. Wannan lissafi ne, kuma macen da ba ta taɓa shiga aji ba ce ta yi shi.

Faifan tsaraba na yau ya sha bamban. A yawancin waɗanda na duba a rumfunan nuni da bakin masaukan baƙi, an ƙara kaurin dunƙulen ciki domin aiki ya yi sauri, an kuma buɗe tsakanin ɗinki, har in ka ɗaga shi a rana kana hango haske. Launi ya yi yawa, biyar ko shida a faifai ɗaya, duk na galura, wadda in ba a dafa ta da kyau ba takan zuba a hannu ko ta koɗe cikin 'yan watanni. Wasu ma an saƙa su farare ne, aka bi su da fenti a fuska ɗaya, aka rubuta barka da zuwa. Wannan ya faɗi a dukkan tambayoyin nan uku.

Ya kamata in yi adalci a nan. Akwai mata da suke naɗe faifai da zaren buhu ko ulu, kuma wasu masu kishin al'ada suna ƙyamar haka. Ni ban ga laifinsu ba. Goruba ta yi nisa da garuruwa da yawa saboda sara da faɗaɗa gonaki, kaba ta yi tsada, kuma na ga faifan zaren buhu mai matsattsiyar saƙa wanda ya fi na kaba da yawa kyau. Abin da nake suka shi ne sakaci a aiki, ko da kuwa da kayan gado aka yi shi.

4.0 Ƙwarya

Duma shuka ɗaya ce, amma Bahaushe ya fitar da kayan gida masu yawa daga cikinta: masaki, ƙwarya, ƙoƙo, ludayi, gora, buta, jallo, zunguru na lalle, shantu na kiɗa, da kurtun tawada na almajiri. Ingancin kowannensu tun daga gona yake farawa. Sai duma ya ƙosa a jikin yaɗonsa, ya bushe, a fafe shi, a jiƙa, a kankare ciki har ɗacin ya fita. Ƙwaryar da aka yi wa haka tana da kauri, in ka ƙwanƙwasa ta za ka ji amo, kuma takan yi shekaru. In ta tsage akwai gyartai mai ɗinke ta. Samuwar sana'a guda ta gyaran ƙwarya kaɗai ta isa shaida a kan darajar da take da ita, domin ba a gyara abin da ba shi da daraja. Haka kuma karin maganar nan da ke cewa ƙwarya tagari tana ragaya.

Adon ƙwarya iri biyu aka fi sani. Akwai na ƙuna, inda ake zana ta da wuƙa mai zafi, akwai kuma na sassaƙa, inda ake kankare bayanta a bar zanen ya taso. Gwanin wannan aiki yana bin siffar ƙwaryar. Yakan raba ta daga gindi zuwa baki, ya bar fili inda hannu zai riƙa kamawa, kuma ba ya taɓa cikinta, domin nan abinci zai zauna. Ƙoren matan Fulani masu tallar nono har yanzu suna nuna wannan tsari, kuma a ganina su ne mafi kyawun abin da ya rage mana a wannan fanni, saboda masu su suna aiki da su kullum, ba kuwa za su karɓi marar kyau ba.

Ƙwaryar tsaraba kuwa sau da yawa ɗanyen duma ce, marar kauri, wadda aka cire kafin ta ƙosa. Akan rufe aibinta da fenti da man ƙyalli ciki da waje, yadda ba mai iya shan ko ruwa da ita. Zanen ma ya tashi daga bin siffa ya koma cika fili: taswirar Nijeriya, dagin Arewa, raƙumi, bishiya, duk a wuri ɗaya. Dagi kyakkyawan zane ne, ya kuma dace da gaban riga da bangon soro, amma yawan manna shi a kan kowane abu ya mai da shi kamar hatimi, wanda ake bugawa domin a ce abin na Hausa ne. Hatimi kuwa ba ya mai da ɗanyar ƙwarya ƙosasshiya.

5.0 Tum-tum da Sauran Kayan Fata

A cikin kayan da ake ba baƙi kyauta, babu wanda ya kai tum-tum farin jini. Yana da dalilin haka. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ta yi suna a duniya, ita ce wadda fatake suka riƙa ƙetara Sahara da ita, Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko. Majemi yakan cire gashi da toka, ya jeme fatar da bagaruwa, ya shafe ta da mai har ta yi laushi. Baduku ya rina ta, ja da karan dafi, rawaya da gangamau, baƙi da kuloko, ya yanka, ya ɗinka da siririyar fata.

Tum-tum mai kyau ana gane shi ta ɗinki. Kowane yanki na ado an ɗinke shi ne a jikin uwar fatar, kuma in mutum ya zauna a kai shekara da shekaru, fatar sai ƙara sheƙi take yi. Na yau da yawa da gam aka liƙa adonsu. Wasu an haɗa fata da roba mai kama da fata, wadda takan fashe da hunturu. Wasu kuma jimar ba ta nuna ba, da damina ta sauka sai wari da fumfuna. Abin takaicin shi ne irin waɗannan ne ake ɗora wa baƙon da zai tafi da su wata ƙasa. In suka lalace a ɗakinsa, ba sunan badukun zai tuna ba, tunda ba a gaya masa ba. Sunan garin da jihar zai tuna.

A nan ma akwai uzuri. Manyan masana'antun jima na Kano, a Chalawa da Sharaɗa da Bompai, su ne suke kwashe mafi kyawun fatun awaki da tumaki, a sarrafa a fitar da su Turai, musamman Italiya da Sifen. Ƙirgin shanu kuwa da yawansa a tukunya yake ƙarewa a matsayin ganda. Baduku na cikin unguwa abin da ya rage yake samu, a kan farashin da ba shi ya yanka ba.

6.0 Sauyin Mai Saye

Idan aka tambaye ni babban dalilin wannan koma baya, zan ce mai saye ne ya sauya. Kalmar lefe ta isa misali. Asalinta sunan kwando ne da ake saƙawa da kaba, wanda ake zuba kayan aure a ciki. Daga baya kwalla ta maye gurbinsa, sai fantimoti, sai saitin akwatuna. Sunan ya zauna, abin ya tafi. Haka jere ya tashi daga ƙore da faya-fayai da akusa zuwa tasoshi, zuwa kwanonin fenti irin su kumbo da samira, waɗanda aka fara shigowa da su daga waje bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 ya sauƙaƙa jigilar kaya, daga baya kuma aka riƙa ƙera su a cikin gida. Yau tangaran da kuloli da roba ne suka cika ɗakin amarya.

Ba na zargin mata a kan wannan. Roba ta fi araha, kwano ba ya fashewa, kuma ba wanda yake da ikon tilasta wa wata ta zauna da wahala domin a ce ta riƙe al'ada. Sai dai sakamakon a fili yake. Uwar amarya, wadda ta san faifai ciki da waje, ta bar kasuwar. Wanda ya shigo shi ne matafiyi mai sauri, da jami'in da aka aika ya sayo kyautar taro, da ɗan kasuwar da yake sara da dozin. Dukkansu ido suke saye da shi, kuma araha suke nema. Matar da za ta yi kwanaki a kan faifai ɗaya, in ta ga kuɗin da za a ba ta daidai yake da na wadda ta gama nata a yini guda, ba sai an gaya mata abin da za ta yi ba.

Makaranta ma ta saki nata hannun. Makarantar da Ɗan Hausa, wato Hanns Vischer, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 tana da sashen koyar da sana'o'i. Shekaru da yawa bayan haka darasin aikin hannu ya ci gaba a firamare, yara suna kawo tsintsiya da igiya da mafici da suka yi da kansu. A makarantu da dama wannan ya koma sayowa a kasuwa, ko kawo kuɗi a madadinsa. Yaron da bai taɓa tufka igiya ba, in ya girma ba zai bambance mai kyau da marar kyau ba. Ashe mun yi asarar masu yi, mun kuma yi asarar masu gane aiki.

7.0 Shin Ado Kaɗai Laifi Ne?

Wani zai iya cewa tunda zamanin tankaɗe da faifai yana wucewa, ai gara a bar shi ya zama abin ratayewa a bango, kuma bai kamata a auna abin ado da ma'aunin abin aiki ba. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma tarihin Ladi Kwali ya ba da amsarta. Ita Bagwariya ce mai ginin tukwane, ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Michael Cardew ya kafa a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, a 1954. A can aka riƙa gasa tulunanta da wuta mai tsanani ana yi musu ruwan ƙyalli. Hakan ya sa suka yi nauyi, suka kuma daina sanyaya ruwa, domin tulu sai yana tsattsafo yake sanyi. Wato sun tashi daga kayan aiki sun koma kayan kallo. Duk da haka ba ta sassauta hannunta ba. Ta ci gaba da gini irin na gida, da zanen ƙadangare da kunama da kifi da tsuntsu, kowanne a mazauninsa. Ta rasu a 1984, hotonta yana bayan takardar naira 20, kuma tulunanta suna manyan gidajen tarihi na duniya.

Darasin shi ne abu yana iya sauya aiki ya tsira da mutuncinsa, muddin ƙwarewa ba ta ragu ba, kuma an san sunan mai shi. Faifan bango ma yana iya zama abin alfahari idan saƙarsa ta kai ta faifan jere. Wanda ba zai tsira ba shi ne abin da ya rasa amfani ya kuma rasa gwaninta, ya rage ba shi da komai sai sunan gargajiya.

8.0 Shawarwari

Na farko, duk abin da za a baje a rumfar nuni a rubuta sunan wanda ya yi shi, da garinsa, da kayan da aka yi amfani da su. Mai suna a jikin aiki ba ya son a kushe shi. Na biyu, idan za a yi gasa, alƙalan su haɗa da tsofaffin masu sana'ar da matan da suka yi aiki da kayan, a kuma bayyana dalilin da ya sa wani ya ci wani ya faɗi. Na uku, kyautar da hukuma za ta bayar a saye ta kai tsaye daga hannun gwani, a kan farashin da ya yi daidai da kwanakin da ya ɓata, ko da adadin zai ragu. Tum-tum ɗaya na kirki ya fi goma na gam. Na huɗu, gidajen tarihi su ajiye tsofaffin kayan jere a inda masu sana'a na yau za su iya zuwa su gani, su taɓa, su ƙirga ɗinki. Na biyar, a mayar da darasin aikin hannu yadda yake, a yi shi a cikin aji a gaban malami, a kuma gayyato masu sana'ar unguwa su koyar.

9.0 Kammalawa

A cikin wannan maƙala na auna faifai da ƙwarya da tum-tum na yau da ma'aunin da masu amfani da su suka bari, na kuma nuna inda suka gaza da dalilan gazawar. Gwanaye ba su ƙare ba. Suna nan a ƙauyuka da lungunan birane, da yawansu mata ne da tsofaffi, kuma aikinsu yana nutsewa a cikin tarin na masu gaggawa saboda ba mai rarrabewa. Yabon gwani ya zama dole, amma idan aka yabi kowa daidai, gwani ne aka zalunta. Hakkin da yake kanmu, mu ma'aikatan al'adu da masu saye, shi ne mu koyi juya bayan faifai kafin mu yi magana, mu kuma biya wadda ta matse saƙarta abin da ya dace da ita.